Audi Mai Cizon Wake

A layin 'yan hatsi na kasuwar Daura, ba a cewa wake ya bushe sai Audi ya ciza. Dillali ne gajere, mai saurin tafiya kamar wanda ya bar tukunya a wuta. A wurin ubansa ya gaji sana'ar: ka zura hannu can tsakiyar buhu, ba sama ba inda mai kaya ya yi kwalliya, ka ɗebo ƙwaya uku ka kai turmin haƙori. In ta ce ƙas, ta bushe. In ta lotsa, da sauran ruwa a jikinta. Shekara talatin yana wannan cizo, har haƙoran dama suka side.

Da aka ƙaddamar da Shari'a an yi ta zagaya kasuwa ana duba mudu, wanda aka buge wa gindi a karɓe shi. Audi ya ji daɗi, amma yakan ce an gyara mudu an bar abin da ke cikinsa. A shekarun ne manoma suka rungumi fiya-fiya, maganin ƙwarin nan na kwalba. A da, toka da barkono ke tsare wake. Yanzu sai a yayyafa ruwan kwalba a ɗinke buhu, ko ƙwaro ɗaya ba ya leƙawa. Wasu ma'aikata sun taɓa zuwa da safar hannu, suka ɗebi wake a leda wai za a kai gwaji, har yau ba su dawo da labari ba. Sai harshen Audi ya zama injin gwajin kasuwa. Wake mai magani yana da ɗan ɗaci, kuma kan harshe yakan yi nauyi. In ya ji haka sai ya tofar ya ce, "A ba shi wata uku yana shan iska." An sha zaginsa a kan wannan, bai fasa ba.

Wata Laraba Sharu ya sauke buhu biyu daga Zango. Sharu kuwa surukin Audi ne, uban mijin 'yarsa Raihana, auren ko wata huɗu bai cika ba. Suna cikin gaisuwa sai ga Hajiya Hussaina ta unguwar su Audi. Jibi Juma'a za ta yi ƙosan sadakar arba'in ɗin mijinta, a raba wa maƙwabta da masallaci.

"Malam Audi, ciza mini wannan," in ji ta. "Na ga ya yi fes."

Ya yi fes ɗin, shi ne abin tsoron. Audi ya ɗebo ya ciza. Ƙas. Sannan ɗacin ya biyo baya. Ya ɗaga ido ya ga Sharu tsaye da carbi yana murmushi, ga mutane kewaye. Wa zai tofar da waken surukinsa a tsakiyar kasuwa? Audin da bai taɓa haɗiye irin wannan ba ya haɗiye, ya ce, "Ya bushe, Hajiya." Bai yi ƙarya ba, wake ya bushe. Shi dai ya san abin da ya rage bai faɗa ba. Ta auni mudu goma ta tafi.

Daga nan zama ya gagare shi. Ya je shan ruwa ya dawo, ya koma ya kuskure baki, nauyin harshen na nan. Ya ce wa kansa ai za a surfa, a wanke, a soya da mai mai zafi. Ya sake ce wa kansa ai wani malamin gona ya taɓa cewa wanki ba ya fitar da shi duka. In ya yi magana, kafin la'asar labari ya isa Zango, Raihana ce za ta kwashi kunyar a gidan da take baƙuwa. In ya yi shiru, unguwa guda za ta ci. Ran Alhamis da safe ya fito kasuwa, aka miƙo masa gero ya duba, ya tsaya yana kallon geron har mai shi ya janye hannu. Sau biyu yana kama hanyar gidan Hussaina yana juyowa daga bakin lungu. Kunya ba ƙaramar igiya ba ce, ta ɗaure manyan da suka fi Audi.

Sai bayan azahar ƙafarsa ta kai shi. Ya yi sallama a zaure, Hussaina ta fito hannunta duk dusar wake.

"Lafiya, Malam Audi?"

"Hajiya, waken nan kada a soya. Akwai magani a jikinsa, sabo ne."

Ta dube shi. "Yaushe ka sani?"

Nan ma akwai ƙofar fita, yana iya cewa yanzu aka gaya masa. Ya sunkuyar da kai. "Tun da na ciza."

"Tun jiya ke nan."

"Tun jiya. Mai kayan surukina ne, na ji nauyi."

Hussaina ta juya ta dubi tsakar gida, inda jikokinta mata biyu ke wasa da ƙasa. Ta ce da safe ta ɗebi rabin mudu ta dafa musu da shinkafa, ƙaramar tun hantsi take cewa cikinta na murɗawa, ita kuwa ta ɗauka tsutsar ciki ce. Audi ya zabura. Ya ce bari ya tsayar da mai babur a kai yarinyar asibiti yanzu, ya ce shi zai riƙe ta, ya yi ta magana ba kai ba gindi. Hussaina ta riga ta saɓa yarinyar a kafaɗa tana jawo mayafi. A bakin zaure ta tsaya, ba ta ɗaga murya ba.

"Ni ban san Sharu ba, Malam Audi. Ban taɓa ganinsa ba sai jiya. Bakinka na saya."