Bawa Gurnani da gangar ƙauyenmu

Duk wanda ya san Bawa Gurnani, mai haɗa sautin biki, ya san ba da kunne yake sauraron kiɗa ba. Tafin hannu yake ɗorawa a tumbinsa, ya lumshe ido. Ƙasan sautin nan da yara ke kira bas, shi gurnani yake ce masa, har sunan ya bi shi.

Tare muka tashi, kuma na fi kowa tsokanarsa. In na ce, “Bawa, ciwon ciki kaka yi?” sai ya ce, “Kai dai kurma ne mai kunne biyu!”

Kowace lasifika da rabonta a wurinsa. Babban akwati a ƙoshe shi, mai bakin kaho a ba shi kaɗan, rediyon mota a lallaɓa shi. Kun tuna bikin nan na Bukkuyum? Abokan ango suka yi ta ihu, “Ƙara bas, Baba!” Ya ƙi. Da ya tafi alwala, wani ya murɗa abin har ƙarshe. Ƙwaryar furar da aka ajiye kan akwati ta dinga tafiya da kanta har ta kife a ƙasa. Bawa ya dawo, ya dube ta, ya ce, “To, ko hura ta yi hijira.”

In ya gama haɗa waƙa, sai ya shiga motar Anka don kawai ya ji ta a rediyon direba. Wata rana ana cikin tafiya ya daka tsawa, “Direba, tsaya! Ƙohwarka ta hagu tana rera tata waƙa daban!” Ya cire hularsa ya cusa a jikin ƙofar. Ba hula ya dawo gida, yana murna.

Sai ’yan bindiga suka tashe ƙauyenmu, muka watse zuwa Gummi. Biki ya zama a ɗaura aure a tashi. Akwatunan Bawa suka koma mazaunin kaji.

Abu ɗaya ya rage masa: sautin gangar noma da ya naɗa a gayyarmu ta ƙarshe. Makaɗin ya rasu, gangar ta ƙone. Bawa ya rantse sai kowa ya ji ta a ’yar wayarsa. To, ƙaramar waya ba ta da ciki. In an kunna, kas-kas kawai ake ji, kamar ana fasa gyaɗa. Ya ƙara gurnani, sautin ya yage. Ya rage, gangar ta ɓace. Yana tari, yana ramewa, yana murɗe-murɗen sauti.

Na ce, “Bawa, mutane na biɗar hatsi, kai kana biɗar gurnani?”

Ya ce, “Hatsi akwai shi kasuwa. Wagga ganga, wace kasuwa?”

Da na sani ban faɗa ba.

Ana saura kaɗan ya rasu ya aika a kira ni. Ya kunna gangar, ya jefa wayar cikin tukunyar ƙasa ta matarsa, ya kama hannuna ya ɗora a tumbina. Wallahi na ji ta! Dum, dum, kamar muna bakin gona. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, “Ka ga amhwanin tukunyar da babu tuwo?”

Yau a unguwarmu haka mata ke kunna ta, don tukwanen da babu kome ciki ba su yi mana wuya ba. Yaran da aka haifa nan suna tambaya wace ganga ce.

Allah Ya jiƙan Bawa, Ya sanyaya makwancinsa. Mu kuma Allah Ya maishe mu gida, ko da babu mai kaɗa mana.