Ranar da Goggo Dije Ta Ce Lafiya Lau

Duk wanda ya taɓa gaida Goggo Dije yana sauri, bai sake ba. Ku da kuka zauna da ita a unguwar Kabara kun sani. Mutum ya leƙo ya ce, "Goggo, an tashi lafiya?" sai ta ajiye abin da ke hannunta ta gyara zama.

"Tunda ka tambaya, zauna."

Daga nan sai gwiwar hagu, sai sauro, sai akuyar maƙwabta, sai ɗanyen itacen da aka kawo mata jiya. A wurinta "lafiya lau" ƙarya ce da mutane suka haɗa baki suna yi wa juna da sassafe, tun kafin su wanke ido. Mai kawo mata fulawa har ya koyi dire buhu a zaure ya yi sallama yana tafiya.

Yayar mahaifina ce, gurasa take gasawa a tanderu, a hannunta kuma na girma. Ni Saude, ita kuwa Gimbiya take ce min, ba don yabo ba. A lokacin littattafan soyayya sun gama da ni. Ina hayar su a bakin kasuwa, in ɓoye a cikin hijabi, in karanta in yi kuka, in tashi ina tafiya a hankali kamar wadda aka yaudara, alhali ko mai rake bai taɓa cewa yana sona ba.

Tsimi kuwa, wayyo! Goggo ce kaɗai na sani da ke tsaga tsinken ashana biyu da reza. Na ce, "Haba Goggo, ashana fa?"

"Ke ma da za ki tsagu da na tsaga ki. Ɗaya ta yi min shara, ɗaya ta je ta yi kukan."

Wata rana tana kwaɓi ta ce in karanta mata abin da ke sa ni zubar da majina. Na yi murna, na gyara murya. Na kai inda saurayin ke tsaye a gindin bishiya yana kallon tagar masoyiyarsa, ta ɗaga hannu duk ƙullu.

"Tsaya. Me yake sayarwa?"

"Ba a faɗa ba, Goggo."

"Tun ɗazu yana gindin bishiya. Bishiyar tasa ce?"

"Goggo, so ne ya kama shi."

"To ki gaya wa yarinyar ta rufe tagar. Ɓarawo ne."

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, Baba ya shigo da rediyonsa a kunne yana fara'a. "Yaya, an gama! Mulki ya dawo hannun farar hula."

"Wa aka ba?"

Ya faɗa mata.

"Ba shi ne na da ba, mai kaki?"

"Ai ya daɗe da yin ritaya."

"Soja ne. Wanki kawai ya kai kakin."

Daga ranar ba wanda ya iya ɗaga ta daga kan wannan magana.

Da daminar shekarar tari ya kama ta, da zazzaɓi mai zafi. Ta sha sabara, ta sha tazargade, ta ce hayaƙin tanderu ne. Sai da ta faɗi a tsakar gida muka samu damar ɗaukar ta, don a tsaye ba mai iyawa. A asibiti aka ce cuta ta kama huhu, aka ba ta gado, aka ɗebi jini. Ni ce mai jinya. Na tafi da tabarma, da filas, da littattafai a ƙasan kwando.

Wani matashin likita ya zo duba ta. Ya ce tsofaffi idan cuta ta kama su kansu kan rikice, don haka zai yi mata 'yan tambayoyi.

"Hajiya, yaya jiki?"

"Kai ka kai ni Makkan?"

Ya yi gyaran murya. "Yau wace rana ce?"

"Kai da ka yi boko ba ka sani ba, sai ni da ke kwance?"

"To wa ke mulkin ƙasar nan?"

"Soja."

Ya ja Baba gefe, ya ce da alama kanta ya fara rikicewa. Baba ya ce, "Likita, idan wannan ne rikicewa, to tun kafin a haife ni take a rikice."

Kwanakin farko haka ta yi ta fama da kowa. Kunun asibiti ruwan wanke-wanke ne, allura ba a iya ba, fankar ɗakin munafuka ce. Sai wata safiya na ce mata, "Goggo, kin tashi lafiya?" na riga na gyara zama don jin bayani. Ta juyo a hankali, ta yi murmushi.

"Lafiya lau, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Jama'a, sai da filas ya kusa faɗuwa daga hannuna. Ta sha kunu ba ta ce komai ba. Ta ce wa ma'aikaciyar jinya sannu da aiki. Ta yi ta barci, in ta farka sai ta riƙa tattara zanin gado tana mulmula shi da yatsu, tana kallon bango tana magana ƙasa-ƙasa. Na kasa kunne. Da Malam Sani take magana, mijinta da ya rasu tun ina ƙarama, mutumin da duk unguwa ta shaida ba su taɓa wuni ba su yi cacar baki ba.

"Malam, shigo mana, kana tsaye a rana. Ga mai zafi na ajiye maka."

Ai sai na narke. Wannan shi ne babin da na daɗe ina jira! Tsohuwa mai kaushin hali, ashe zuciyarta a jiƙe take da ƙauna, sai a gadon asibiti asiri ya tonu. Na zauna ina share hawaye da gefen mayafi, har na fara tsara yadda zan rubuta labarin, na ma raɗa masa suna. Duk wanda ya zo dubiya sai in tare shi a ƙofa in ce, "Ku shiga a hankali, Goggo ta samu nutsuwa."

Baba ya zo, ta ce masa, "Sannu da zuwa, ɗan'uwana." Ya fito yana goge ido. Ya ce jikin bai da zafi kamar da, hankali ya kwanta, gara a roƙi sallama a kai ta gida ta ƙarasa warkewa a ɗakinta. Na goyi bayansa da ƙarfi. Har na naɗe tabarma.

Wata likita ce ta tare mu, babbar mace mai tabarau, da sakamakon jinin da aka sake ɗiba a hannunta. Ta ce akwai abin da suke dubawa a jini, wanda ke hawa idan jiki na yaƙi da cuta. Na Goggo ya kamata a ce ya fara sauka, amma hawa ya yi. Ta ce tsoho idan abin nan ya hau, sai a sa ido a kan hankalinsa. Wani ya yi ta ihu yana fizge-fizge, kowa ya gane. Wani kuwa sai ya yi laƙwas, a ɗauka sauƙi ne.

Ta dubi Goggo da ke yi wa bango murmushi, ta dube ni. "Ke ce ke zaune da ita. Haka take a gida?"

Na buɗe baki zan fara bayanin ƙauna. Sai na dubi hannayen nan da ke mulmula zani. Gurasa take yi. Ba ta san inda take ba.

"A'a," na ce. "A gida da yanzu ta zage ki."

Baba ya ce, "Wallahi likita, tun ina yaro ba ta taɓa ce min sannu ba."

"To ba inda za ta. Wannan ba ita ba ce, cutar ce."

Aka canza magani, aka ɗaura ruwa, aka ce in riƙa ba ta abin sha, in buɗe taga ta ga rana, in riƙa gaya mata inda take. Na warware tabarmata. Littattafan suka zauna a ƙasan kwando. Ban taɓa zaton zan yi addu'ar Allah ya sa a zage ni ba, amma na yi ta, har da ɗaga hannu.

Kwanaki suka wuce, likita ta ce abin jinin ya fara sauka. Wani hantsi ina yi wa Goggo fifita, ta buɗe ido tar, ta bi ɗakin da kallo, ta tsaya a kaina.

"Gimbiya. Uban wa ya ɗaura min wannan igiya a hannu? Kuma wa kika bar wa tanderuna?"

Na yi guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya. Baba ya shigo da gudu, ta ce masa ya rame kamar wanda ba shi da mata, ya yi ta hamdala yana dariya.

Ta ƙara shekaru tare da mu bayan wannan, ba ta rage ko ɗaya daga halinta ba. Ni kuwa abin bai bar ni ba. Wata rana tana tsame gurasa na ce, "Goggo, kin san a asibiti kin yi ta kiran Malam Sani? Har kin ce kin ajiye masa mai zafi."

"Ni? Wannan mutumin? Ciwo ne. Ba likita ta faɗa muku ba?"

Na ce a raina shi ke nan, labarina ya rushe. Ta ci gaba da aikinta, ta jera gurasa a faifai, ta rufe. Can, ba tare da ta dube ni ba, ta ce:

"To ya shigo?"

Ban san amsar ba a lokacin. Allah ya sa yanzu ya shigo, ko ita ta same shi a inuwa. Allah ya jiƙan Goggo Dije da Malam Sani, ya yafe musu, ya haɗa su a gida ɗaya inda ba ciwo. Amin.