Barcin Tanko Mai Mazarƙwaila

A zamanin Turawa, in ana zancen mazarƙwaila a Malikanchi, to zancen Tanko ake yi. Shi kaɗai ne namiji a ɗakin tsohuwarsa Hajo, bayan mata sun yi jere. Tun yana saurayi yake gindin kasko, doki na zagaya injin matse rake, shi yana juya tafasa daga hantsi har rana ta karkata, bai san gajiya ba.

A fadamar raken ƙudan tsando ya cije shi. Da fari zazzaɓi ne da kaluluwa a wuya, daga baya sai barci. Kuma ba barcin daɗi ba. Zai ɗaga muciya da hantsi, ya ƙifta ido, sai ya ga inuwa ta koma gabas, kasko ya ƙone ƙurmus. Tsakanin nan da can babu komai, ko mafarki. Ma'aikatan lafiya masu laluben wuya don gano ciwon barci suka zo suka yi masa allurai, suka ce an makara. Mutanen gari kuwa, da bakinsu ba ya hutawa, suka naɗa shi Sarkin Barci. Bai ji haushi ba. Haushin ma ƙarfi yake bukata, shi kuma ba shi da shi.

Ana haka Hajo ta kwanta ciwon tsufa. Ta kira shi ta ce, "Tanko, ban taɓa roƙonka komai ba. In lokacin ya yi, da bakinka nake so a laƙƙana mini kalmar shahada."

Ya ce, "In Allah ya yarda, Inna."

Sai bawan Allah ya yi tunani irin na manomi. Ya ga farkawar da yake samu a wuni ba ta fi cikin ludayi ba, ya ɗauka ana iya tara ta kamar hatsi a rumbu. Ya bar kasko, ya daina zuwa kasuwar Makarfi. Magana ma ya rage ta, gaisuwa da ka yake amsawa. Duk wanda ya zo hira, ɓarawon farkawa ne a wurinsa.

Matarsa Mairama ta ce, "Malam, zaman nan ai shi ke ƙara kashe maka jiki."

Ya ce, "Ajiya nake yi."

Wata safiya numfashin Hajo ya canja. Tanko ya shiga ɗakinta, ya cika baki da goro, ya tsuguna nesa da bango don kada ya jingina. Idonsa tar, har ya ji daɗi, ya ce ajiyarsa ta yi rana. Hajo ta nemi ruwa. Ya tallafi kanta, ya kai mata ƙoƙo baki, yana kallon leɓenta na motsi.

Ya ƙifta ido.

Da ya buɗe, yana kwance a gefe, rigarsa jagab. An naɗe tabarmar Hajo an jingine. Tsakar gida cike da mata, a ƙofar gida kuma yana jin maza suna wanke ƙafa, sun dawo daga maƙabarta. Mairama na zaune a bakin ƙofa.

Ya ce, "Wa ya laƙƙana mata?"

"Ni ce. Ta amsa, ta cika da ita."

"Me ya hana ki tashe ni?"

"Da za a fita da ita mun girgiza ka, mun zuba maka ruwa, ko motsi."

"Kafin nan nake nufi."

Mairama ta sunkuyar da kai. "Na miƙa hannu zan taɓa ka, ta riƙe mini zane. Ta ce a ƙyale ka, ka gaji."

Tanko ya tashi zaune. Ya laluba zuciyarsa bai sami komai ba, don a wurinsa yanzun nan Inna ke kurɓar ruwa. Ya haɗa kai da gwiwa yana jiran kuka ya zo. Kafin kukan ya iso, barci ya riga shi.