Anti Ruwa Ta Ajiye Aiki

Shekara ashirin da takwas, ƙarfe bakwai bai taɓa yi mata a hanya ba. Kafin injinan masaƙa su fara ruri, ta buɗe ɗan ɗakin shan magani, ta goge teburi, sannan ta cika kula biyu da ruwan sanyi ta ja su da kanta har ƙofar ɗakin inji. Wannan ba ya cikin aikin nas. Ita ta ɗora wa kanta, don ta ga yadda zafi ke kora ma'aikata wajen firijin lemon kwalba. Nan aka laƙaba mata Anti Ruwa, kuma da tsokana aka yi.

Wanda ya fi kowa tsokanarta shi ne Dogo, babban makanikensu. Kwalba biyar yake shanyewa kafin a tashi. Ta sha tare shi a hanya.

"Dogo, sukarin nan yana tara wani abu a jini, ya je ya daskare a gaɓa kamar tsinin allura. Ba shi kaɗai ke kawo ciwon ba, amma yana iza masa wuta. Ka rage."

Ya ɗaga kwalbar yana dariya. "Anti, ba giya ba ce fa. Lemo ne."

Da safiyar wata Talata aka shigo mata da shi a rirriƙe, babban ɗan yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi ja, ko iskar fanka ba ya son ta taɓa shi. Ba ta ce masa ai na gaya maka ba. Ta sa almakashi ta yanke takalmin, ta ɗora ƙafar a kan matashi, ta raka shi wajen likita. Likita ya ce ciwon gaut ne, wato ciwon gaɓar nan da take yi masa gargaɗi a kai.

Ya daina shan lemon na wata uku, ya koma a ɓoye. Ciwon ya hau idon sawu, ya hau gwiwa. Tsayuwa gaban inji ta gagare shi, ya bar aiki da sauran ƙarfinsa. Ta daɗe tana tuhumar kanta, wai ko ita ce ba ta iya faɗa ba.

Anti, ba ke kika gaza ba, mu ne muka toshe kunne. Ke ce kika rubuta wa shugabanni takarda har sau huɗu kafin a kafa famfo a ɗakin inji. Ke ce kike bin matasa da kofi suna miki dariya, ga su yau suna taka ƙafafunsu lafiya.

Ranar sallamarta, abin kunya, lemon kwalba aka jera a teburi. Ta dube su ta yi murmushi kawai. Dogo ya shigo yana dogara sanda, ya tsaya gabanta.

"Da na ji taki, Anti," ya ce da ƙyar.

"Ka ji yanzu ma, ai ba ka makara duka ba. Zauna, kada ka tsaya a kan ƙafar nan."

Mun gode, Anti, ko da godiyar ta zo a makare. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma, in akwai mai irin halinta a wurin aikinku, ku saurare ta, ku gode mata tun tana bakin aiki. Kada ku jira sai ranar da take kwashe kayanta a kwali.