Zanen da Mama Pauline ta ajiye wa kabarinta

Duk wanda ya san cocin da ke bayan kasuwar Mayo-Oulo ya san Mama Pauline, kuma yawanci da tsoronta ya fara. Gajeriya ce mai tuyar ƙosai, amma in ta ɗaga murya har mahauta sai sun waiwayo. Ita ce shugabar zumuntar mata, ita ta kafa dokar da ko Pasto Hubert bai isa ya taɓa ba: macen da ba ta sa shuɗin zanen zumunta ba, ba za ta tsaya a gaba ta yi waƙa ba. Matar paston kanta ta taɓa komawa benci da kunya saboda wannan doka.

Nata zanen biyu ne. Ɗaya na Lahadi, ɗaya sabo fil a gindin akwati, ko ruwa bai taɓa gani ba. Al'adarsu ce a lulluɓe 'yar zumunta da zanenta ranar binnewa, Pauline kuwa ta sha faɗa cewa ita ba za ta je gaban Ubangiji da koɗaɗɗen zane ba.

Shekarar da aka tarwatsa Mubi, masu gudun hijira suka ƙetaro duwatsun iyaka da ƙafa. Coci ta ba su gero da tabarmi. Matan baƙin sukan zauna a bencin ƙarshe, bakinsu a rufe, kuma kowace Lahadi sai an ga sun ragu. Abin ya tsaya wa Pauline a rai. Ta je rumfar da aka sauke su, ta sami wata gwauruwa mai suna Rifkatu.

"Ƙanwata, me muka yi muku kuka daina zuwa?"

"Ba komai, Mama. Kun ciyar da mu, Allah ya saka. Amma a gida ni nake ba da waƙa. Zanena ya ƙone tare da ɗakina. A nan kallo kawai muke yi."

Pauline ta wuce shagon Alhaji Ilyasu mai atamfa. Ya ce irin wannan shuɗin an daɗe da daina buga shi, ko a Garwa ba za a samu ba. Kowa ya ce mata mafita mai sauƙi ce, ta janye dokar. Ba su san Pauline ba ke nan! Ta ce baƙin nan ba za su tsaya a gaba kamar 'yan alfarma ba, da zanen zumunta za su tsaya, daidai da kowa.

Ranar taron mata ta zo da zanen kabarinta da almakashi. Tana yankawa hawaye na zuba, amma ba ta tsaya ba sai da ya zama ɗankwali-ɗankwali. Ta raba wa matan baƙin. Can sai matar pasto ta tashi ta tafi gida ta ɗauko nata zanen, shi ma aka yanka aka raba.

Lahadin nan Rifkatu ta ba da waƙa da Hausa, mata suka amsa da Fulatanci, ana buga tulu har ƙasa tana motsi. Waɗanda suka gani har yau in suna ba da labari sai tsigar jikinsu ta tashi.

Da ƙura ta lafa yawancin baƙin suka koma gida. Pauline ta ci gaba da tuya da faɗa har tsufa ya kwantar da ita. Ranar da ta rasu aka buɗe akwati, babu komai sai koɗaɗɗen zanen Lahadi, duk ya mutu. Mata suka rasa abin yi.

Ana shirin ɗaukar gawa sai ga babura daga bakin iyaka, Rifkatu a gaba, furfura ta fito mata. Kowace mace ta kwance shuɗin ɗankwalin kanta. Suka zauna a ƙasa da allura da zare, suna waƙa a hankali, suka haɗa su ɗaya bayan ɗaya har zanen ya dawo. Da aka shimfiɗa shi a kanta ya rufe ta daga kai har ƙafa, har ya yi saura.