Tela da Ya Rufe Kwata

Rubuta yadda nake faɗa, jikalle, kada ka gyara mini baki.

Yayana, wanda kowa ke kira Tela, mutum ne da ya tsani a ga kasawarsa. Ko rigar da ta mutu aka kawo masa, sai ya san yadda ya tura facin ciki. Shagonsa na bakin lungunmu, keken ɗinki ɗaya, benci, da madubi mai tsaga. Bayan shagon akwai rijiyar da duk lungu ke sha, kwata kuma ta bi ta gefenta, baƙa wuluk. Da damina sai su haɗe.

Wata shekara, wata likita mai koyar da ɗaliban likitanci ta aiko cewa za ta kawo su. Ita a koyarwarta, likita ba ya zama yana jiran ciwo ya same shi a asibiti. Ya tashi ya ga inda ciwon ke fitowa, ya kai kukan mutane gaban hukuma. Unguwanni za su zaga, wadda ta fi shan wuya su tsaya mata har a kawo famfo. Shi dai Tela, abin da ya shiga kunnensa, baƙi na tafe.

Ya samo katakai ya rufe kwatar, ya zuba yashi a kai, ya shafe bakin rijiya da farar ƙasa. Jikarsa da ke fama da gudawa, ya ce a shige da ita ƙuryar ɗaki.

Matarsa ta ce, "Malam, likitoci ne fa. Likita ake ɓoye wa ciwo?"

"'Yan makaranta ne. So kike su tafi su ce mu ƙazamai ne?"

"To ɗinka wa kwatar riga mana, ka cika aikinka."

Suka zo cikin fararen riguna. Wani ɗalibi ya nemi ruwan rijiya, Tela ya miƙa masa na gora. Wata ta ce, "Baba, yara na yawan ciwon ciki a nan?" Ya ce, "Ɗan zafin haƙori ne, 'yata." Malamar ta taka yashin nan, ta tsaya, ta dube shi.

"Baba, babu abin da kake so mu gani?"

Ya gyara hula. "Sai alheri, ranki ya daɗe."

Famfo ya tafi unguwar tsallaken titi, su da suka baje komai a fili. Ruwa ya sauka, katakai suka taso, jikar nan tasa ba ta ga ƙarshen damina ba.

Da shekara ta zagayo, malamar ta dawo da sababbin ɗalibai. Tela ko tsintsiya bai taɓa ba. Kafin su zauna ya ja su bayan shago, ya tsaya su shaƙi warin. Malamar ta tambayi matarsa, ta ji abin da ya faru. Sannan ta juya ga ɗalibanta.

"Bara na ji katako a ƙarƙashin ƙafata. Na ji nauyin dattijo, na yi shiru. Kada ku gaji wannan a wurina."

Ɗaliban sun yi ta sintiri ofis-ofis har famfo ya zo. Ranar da aka buɗe shi, lungu ya cika da bokitai. Tela bai fito ba. Yana shago, da 'yar rigar da ya yanka wa jikarsa a cinya, bai ɗinka ba, bai kuma ajiye ba.