Burodin da Goggo ta Ninke

Abu na farko da na gani da muka sauka daga kabu-kabu a Konni shi ne wani mutum a kan keke, ya ɗaure damin itace a bayansa. Itacen duk tsayinsu ɗaya, launinsu ɗaya, babu reshe babu ƙaya. Ina tunanin wace bishiya ce mai ladabi haka, sai wata mata ta tsayar da shi, ta zaro guda, ta gutsiri bakinsa ta tauna. A nan na gane burodi ne.

Na tsaya kallo har sai da Goggo ta ja ni ta gefen hijabi. Goggo yayar Babana ce, a Lafani take zaune, kuma ita ta ce a ba ta ni in riƙe mata jaka, za ta shiga kasuwar Konni sayen sabulu da yadi.

Gidanmu a Illela yake, ba nisa da iyaka, amma ni ban taɓa tsallakawa ba. Saboda haka da na ji da ni za a je, sai na yi abin da ban saba ba, na buɗe baki a aji. Na gaya wa yarinyar da muke zama benci ɗaya cewa ƙarshen mako za ni ƙasar waje. Babanta yana zuwa Dubai saro kaya, takan zo da alewa mai takarda ruwan zinariya, ta shanye alewar ta ba mu takardar mu sansana.

“Konni?” in ji ta, da ƙarfi yadda har bencin baya suka ji. “Ai bunsurunmu can yaka wuni, ya dawo da marece. In dai ƙasar waje ta, ki kawo muna abin da babu shi Illela.”

Kafin a tashi an fara kirana ’yar ƙasar waje. A makarantarmu idan suna ya kwana biyu a kan mutum, to da shi zai gama. Na san idan na zo ranar Litinin hannu wofi, shi ke nan, har jikokina sai sun ji shi.

Da wannan nauyin na shiga kasuwar Konni, ina bin Goggo ina duba kowane tebur. Masarsu irin tamu ce. Furarsu irin tamu ce, har ƙudan da ke kewaye ƙwaryar. Na ga kilishi, na ga cukwi, wato busasshen cukun nan mai faɗi, amma duka ana sayar da su a tashar garinmu. Na hango wata mai ƙosai na ƙarasa da sauri ko nasu da wani fasali, sai ta ɗago kai ta ce, “Ke, ɗiyar wance, ina Innarki?” Maƙwabciyarmu ce, kullum da safe take tsallakowa da kaskonta. Ta ba ni ƙosai biyu, ta ce in gaya wa Inna ta maido mata rariyarta.

Burodin nan kaɗai ya rage mini. A unguwarmu burodi mai kusurwa huɗu muka sani, mai laushi, a cikin leda. Na tabbata idan na shiga aji da wannan dogon a kafaɗa, a miƙe, ba mai sake magana.

Da rana ta take, Goggo ta ce ƙafafunta sun gaji, muka raɓa wata rumfa da suke kira kafe. Tebur ne dogo, an jera gwangwanayen madara an yi gini da su, ga tulun ruwan zafi, ga ƙwai, ga kwalabe masu rubutun Faransanci. Maza ne zaune a benci. Mai wurin ya jawo mana wani ɗan benci gefe, ya goge shi da tsumma. A kusa da ƙafarsa akwai kwando cike da burodin, a tsaitsaye.

Ya zuba madara mai kauri a ƙasan babban kofin gilashi, ya sa garin kofi, ya tsiyayo ruwan zafi daga sama. Ya ɗauki burodi ya tsaga shi ta tsawo da wuƙa, ya shafa wani farin abu mai maiƙo, ya sa soyayyen ƙwai, ya miƙo mini rabi a takarda. Da na ciza, sai da na ji ƙarar a cikin kunnena. Bayansa ya kankare mini dasashi, amma cikinsa da ɗumi, da laushi kamar auduga, ga ƙananan ramuka. Ɓarɓashi ya cika mini cinya. Na saci kallon mazan, na ga kowa akwai ɓarɓashi a gemunsa, ba wanda ya damu.

Goggo ta karɓi nata ta jujjuya, ta ajiye, ta sha kofinta kawai.

“Allah sarki,” ta ce mini a hankali. “Mutanen ga akwai haƙuri. Dibi abin da aka sai musu.”

Ni ban iya roƙo ba. Abin da na iya shi ne tsayawa. Da muka tashi tafiya sai na je gaban kwandon na tsaya, na ƙi motsi. Goggo ta yi gaba, ta waiwayo, ta dawo.

“Shi kika so? Wanga?”

Na ɗaga kai.

“To bari in zaɓa miki, kar su cuce ki.”

A wurinmu da babban yatsa ake sayen burodi. Ka danna, idan ya lotsa ya taso, sabo ne. Idan ya ƙi, ka ajiye ka ɗauki wani. Goggo ta naɗe hannun riga ta kama na farko ta danna. Ya ce ƙaras, bayansa ya fashe. Ta girgiza kai ta mayar. Ta kama na biyu, shi ma haka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ɓarɓashi yana zuba a ƙasa, kaji suka fara taruwa.

“Hajiya, mi kika nema?” in ji mai kafe.

“Na yau nika nema.”

“Duk na yau na. Yanzu anka hiddo su daga wuta. Taɓa ki ji zahi.”

“Ɗumamawa dai anka yi. Ɗana, na girme ka, tun ba a haihe ka ba nika sayen burodi.”

Wani tsoho mai jar hula da ke kan benci ya ce, “Ƙyale ta, mutanen Najeriya burodinsu matashin kai na. In sun ci rabi su kwanta bisa rabi.”

“Ya hi naku,” in ji Goggo ba ta ko dube shi ba. “Naku in kun ci rabi ku kora shanu da rabi.”

Aka yi dariya, har da tsohon. Mai kafe ya jawo kwandonsa ya sa tsakanin ƙafafunsa. A wannan jan ne Goggo ta hango wata leda a ƙarƙashin tebur, da burodi a ciki, sun yi gumi sun kwanta kan juna.

“Wancan hwa?”

“Na jiya na, Hajiya. Wani mai tumaki ka zuwa ɗauka.”

“Mai tumaki,” in ji Goggo, tana murmushin wanda ya gano maɓoya. “Haka kuka ɓoye ma manyanku mai kyau. Miƙo.”

Ya rantse mata. Tsohon ma ya sa baki. Goggo ta sunkuya da kanta ta zaro guda, ta danna. Yatsanta ya nutse, wurin ya taso a hankali. Ta dube ni fuskarta cike da nasara. Mai kafe shi ma ya dube ni, kamar yana jira in ce wani abu. Amma mazan nan duk sun juyo, sai na sunkuyar da kai ina kallon kajin.

Goggo ta biya. Ta auna burodin da jaka ta ga ya yi tsawo, sai ta ninke shi biyu kamar ɗankwali, ta sake ninkewa, ta cusa tsakanin sabulu da yadi. A kan kabu-kabu jakar tana tsakanina da ita, duk ramin da muka faɗa sai na ji ta matse.

Da muka isa gida ta zaro shi ta miƙo mini a gaban Inna.

“Ga tsarabarki. Da ba da ni ba, da icce kinka kwaso.”

Na yi godiya na shiga ɗaki na warware shi. Tsawon yana nan. Amma idan na riƙe kai ɗaya, ɗayan sai ya rusuna har ƙasa kamar ƙafar tsohon wando. Ga alamun ninki, ga ramin yatsan Goggo, ga ƙamshin sabulu. Na gwada ɗora shi a kafaɗa, ya zagayo wuyana ya kwanta.

Na zauna ina kallonsa. Sai na tuna duk abin da ya yi laushi a gidanmu rana ake ba, kuɓewa, tumatir, har takalmin makaranta. Matsalar ita ce idan ya bushe a lanƙwashe, a lanƙwashe zai tabbata. Na taɓa ganin yadda maɗori yake jera kara a jikin hannun da ya karye ya ɗaure. Na leƙa madafa, ba kowa. Abu mafi tsawo kuma mafi miƙewa a wurin shi ne muciyar Inna.

Na hau tsani zuwa kan rufin ɗaki inda ake shanya. Na kwantar da burodin a jikin muciyar, na miƙe shi, na ɗaɗɗaure da tsohuwar igiyar zani, ban matse sosai ba don kada igiyar ta shiga jikinsa. Na zauna a gefe ina korar tsuntsaye, ina juya shi kamar mai gasa masara. Zuwa la’asar kai da gindi sun fara tauri, idan na ƙwanƙwasa da farce har amsawa suke yi. Tsakiyar ce, inda ninkin ya fi zurfi, har yanzu tana lotsawa. Na ƙiyasta sai ya sha sauran ranar, ya kuma sha ta gobe.

Daga ƙasa na ji Inna ta ɗora tukunya. Na ji ruwa ya tafasa, na ji ta zuba talge. Daga nan sai ƙarar kwanoni, ana ɗagawa ana ajiyewa. Ta duba bayan randa, ta duba cikin turmi. Ta tambayi Goggo, Goggo ta ce ita baƙuwa ce. Talgen ya fara tsalle yana faɗowa cikin wuta.

“Ke, kina bisa? Ba ki ga muciyata ba?”

Na matso bakin rufin na leƙo. Tana tsaye da murfin tukunya a hannu, hayaƙi ya sa ta runtse ido ɗaya. Na waiwaya na sake danna tsakiyar burodin. Ta lotsa.

“Inna,” na ce, “don Allah a mai da shi kunu. Yau da gobe.”